Ƙwayar da Na Haɗiya a Gaban Inna

Duk wanda ya ɗauki allura zai soka a jikin ɗan Adam, akwai haƙƙi a wuyansa kafin ya soka: ya faɗa wa mai jikin abin da ruwan zai ba shi da abin da zai karɓe masa. Haka nan duk gidan da aka kai wa 'yar mutane amana, wajibi ne a kansu kada su yanke mata hukunci sai sun bincika, in kuma suka ɓata ta a gaban jama'a bisa kuskure, su wanke ta a gaban jama'ar da suka ɓata ta. Haƙƙi na farko ni aka tauye wa. Na biyu mahaifiyarku Rabi'atu aka tauye wa, kuma har ta koma ga Mahaliccinta bara ba a biya ta ba. Ku 'ya'yana, Hafsatu da Husaini da auta Maryam, wannan babi ya ƙunshi maganar da uba ba ya yi da 'ya'yansa. Na auna nauyinta, na ga nauyin shirun ya fi, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

A lokacin ina aiki a ofishin adana takardu na ƙaramar hukuma a Tsafe, shekaruna sun doshi arba'in, Hafsatu kuma ba a daɗe da yaye ta ba. Sai wata irin kasala ta sauko mini wadda ban san irinta ba. Ni da nake ɗaukar tulin fayil in hau da shi bene ban tsaya ba, na koma ina zama a tsakiyar matakala kamar mai jiran wani. Bayan azahar barci ya kan sace ni a kan tebur da alƙalami a hannu. Raina ya riƙa ɓaci a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma abin da ke tsakanin miji da matarsa ya yi sanyi, har na fara ƙirƙiro aikin ofis don in daɗe a waje. Rabi ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Ta dai ƙara yawan man shanu a miya, tana cewa aiki ne ya yi mini yawa.

Wani abokin aikina ne ya lura, ya kai ni wani shagon magani kusa da tasha. Mai shagon mutum ne mai fara'a, yana rataya farar riga, kowa a unguwar Dakta yake ce masa, ko da yake daga baya na tabbatar bai taɓa zama likita ba. Bai ɗebi jinina ba, bai tambayi ko ina da wani ciwo ba. Ya saurare ni, ya yi murmushi, ya shiga ciki ya fito da 'yar kwalba mai ruwa kamar man gyaɗa, ya ce allurar ƙarfin maza ce daga waje. Ni mutum ne da ba na sa hannu a takarda sai na karanta, saboda haka na yi masa tambayar da ta kamata. Na ce ina da 'ya ɗaya, muna fatan ƙari, ko wannan allura tana taɓa haihuwa? Har yau ina jin dariyarsa.

"Haihuwa? Malam, kai dai ka tanadi raguna. Wagga allura ko tsoho ɗan tamanin anka yi ma, sai ya nemi a ƙara mai gona."

Gaskiya ita ce allurar ta yi aiki, kuma ba zan ɓoye wannan ba don in ƙarfafa ƙarata. Ƙarfina ya dawo, barcin rana ya tafi, gida ya yi daɗi. Na riƙa komawa a kai a kai shekara da shekaru. Abin da bai zo ba shi ne ƙanin Hafsatu. Ta shiga firamare, ta iya karatu, bayan uwarta ba goyo. A gidanmu na Bungudu kuwa ba wanda ya kalle ni. Ga ni ƙato, ina cin tuwo malmala biyu, wa zai ce matsala tana wajena? Rabi aka sa wa ido. Ita ta sha rubutu har haƙoranta suka canza launi, ita ta sha sassaƙe da jiƙo iri iri, ita ake yi wa habaici a gidan biki, ana tambayarta ko tsarin iyali na 'yan boko take yi. Ta kan dawo ta wanke fuskarta ta ɗora tukunya. Ni ma a lokacin, da yake an tabbatar mini allura ƙara haihuwa take yi, ban kawo komai a raina ba.

Da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Gusau, Rabi ta je asibiti aka duba ta, ba a sami komai ba. Likitan ya ce a turo maigida. Na je a matsayin mai cika umarni. Bayan an gwada jinina da maniyyina, ya zaunar da ni, ya rufe ƙofa, ya tambaye ni ko ina shan wani abu ko ana yi mini wata allura. Da na nuna masa kwalbar, ya karɓa ya karanta rubutun jikinta. Sannan ya yi mini bayani da misalin da ban taɓa mantawa ba. Ya ce akwai wani sinadari da jikin namiji yake yi da kansa, likitoci suna kiransa testostaron, shi ne yake ba da ƙarfi da sha'awa, kuma nawa ya yi ƙasa tun farko, shi ya sa na ji kasala. Ya ce in ɗauki jikina kamar gidan manomi. Ƙwaƙwalwa ita ce maigida, kullum yana leƙa rumbu. In ya ga hatsi ya yi ƙasa, sai ya kora mutanensa gona. Allurar nan kuwa hatsi ne ake kawowa daga kasuwa ana zubawa a rumbu. Maigida ya leƙa ya ga rumbu cike, sai ya ce kowa ya ajiye fartanya. Gona ta zama saura. Abin baƙin cikin, in ji shi, a wannan gonar kaɗai ake samun iri, kasuwa ba ta sayar da shi. A gwajin da aka yi mini, ba a ga ƙwayar haihuwa ko ta rantsuwa ba.

Na fito daga ɗakin na zauna a kan benci ina tuna kowane kofin rubutu da Rabi ta sha. Ban taɓa jin fushi irin na wannan rana ba, kuma har yanzu da nake rubutu bai huce ba. Tambaya na yi, a fili, da Hausa, aka amsa mini da raguna.

Likitan ya ce a daina allura, ya rubuta mini wata farar ƙwaya mai suna kulomifin. Ya gargaɗe ni tun kafin in gani da idona cewa magani ne da aka fi sani ana ba mata masu neman haihuwa, kuma haka zan ga an rubuta a takardar cikin kwalin. A jikin namiji kuwa, ya ce, ba ta kawo hatsi daga waje. Abin da take yi shi ne ta sa maigida ya ga kamar rumbu ya yi ƙasa, sai ya sake kora mutane gona, a samu hatsi a samu iri tare. Ya ce ba kowane namiji take yi wa aiki ba, sai an bi ta da gwajin jini, kuma in na ga ganina yana dishi-dishi in tsaya in dawo wurinsa. Da na miƙa takardar a wurin karɓar magani, matar da ke bayarwa ta fara yi mini bayanin ranar da Hajiya za ta fara sha bayan al'adarta. Na ce mata ni zan sha. Ta dubi takardar, ta dube ni, ta tashi da kanta ta je ta tambayo likita. Ban ga laifinta ba. Ita aƙalla ta tambaya.

Na faɗa wa Rabi komai a ranar. Ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tambaye ni ko kafin abinci ake sha ko bayansa. Watannin farko sun yi mini tsanani, domin allura ta tafi kuma gona ba ta farfaɗo ba, kasalar ta dawo har ta fi ta da. A hankali jinin ya fara nuna sinadarin yana hawa, jikina ya saki, ƙarfin da ya zo kuma bai zo da zafin rai irin na allura ba. Shekara ba ta zagayo sosai ba Rabi ta samu ciki. Likita ya ce in ci gaba da shan rabin ƙwaya saboda lafiyar jikina, ana duba ni lokaci lokaci.

Cikin ya zo da tagwaye. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san danginta, domin kakarta ta wajen uwa ta haifi tagwaye, kuma likita ya tabbatar mini cewa ƙwayar da namiji ya sha ba ta sa mace ta haifi biyu. An haife su da damina, watanninsu ba su cika ba. Hassan bai kai ranar suna ba, Allah ya karɓi abinsa. Kai Husaini ka rayu, kana ɗan mitsitsi a cikin auduga. Da aka sallame su daga asibiti na kai su gidanmu na Bungudu don mahaifiyata, Inna, ta yi wa Rabi wankan jego kamar yadda aka saba. Na sauke itace a ƙofar gida, na koma bakin aiki, ina zuwa ƙarshen mako. Da yake ɗakin da nake sauka ƙannena maza suna shiga suna fita, sai na ajiye kwalin maganin da nake sha in na zo a jakar Rabi, a ƙarƙashin kayan jariri.

Ranar da mata suka cika tsakar gida suna barka haɗe da gaisuwar rashi, ƙanwata Asabe ta buɗe jakar tana neman zanen goyo, sai kwalin ya faɗo. Ni ban san wannan ƙwaya ba sai a ɗakin likita, amma matan Bungudu sun san ta kamar gishiri. Maganin tagwaye suke ce mata. Mata suna aikawa a sayo musu ita a shagon magani ba tare da likita ba, kuma kowa a wurin yana da labarin wata da ta sha ta wahala. Asabe ta ɗaga kwalin, an ɓalle rabinsa, ga uwar tagwaye a kwance, ga ɗaya a kabari. Ba wanda ya buƙaci ƙarin hujja. Aka tambayi Rabi ko nata ne. Abin da ta ce kawai shi ne a jakarta aka gani. Kafin la'asar maganar ta fita unguwa da ƙafafun duk matan da suka zo: matar Malam ta gaji da gori, ta sha maganin tagwaye a ɓoye, ta yi wa Allah shisshigi, ta jawo mutuwar ɗanta.

Inna ta janye hannunta. Ba ta zage ta ba, ba ta kore ta ba, amma ta daina hura wutar wanka, ta daina dama kunun kanwa, ta bar mai jego a hannun wata maƙwabciya mai tausayi. Wanda ya san abin da wankan jego yake nufi a gidan Bahaushe ya san wannan ya fi zagi. Rabi ba ta aiko mini ba. Baffa Isa, ƙanin mahaifina, wanda yake riƙe da gidan tun bayan rasuwar Baba, shi ya aika a kira ni. Ya gaya mini abin da ake ciki a zaure, ya ce shawarar manya ita ce in ta yi arba'in a mayar da ita gidansu ta huta, a bar yaron a wurin Inna. Na ce ina da magana, amma a ɗakin Inna zan yi ta, kuma a kira Asabe ta zo da kwalin.

Dole ku fahimci abin da na nema. Ni ne ɗan farin Inna. Tunda ta haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa cin abinci ina kallo ba, in za ta yi mini magana sai ta yi kamar da bango take. A gaban wannan mata zan buɗe baki in yi maganar ƙarfin namiji da rashinsa. Da hantsi ne, an ɗage asabari, tana zaune a bakin gado ta juya fuska. Na durƙusa, na sa idona a ƙasa, na faɗi komai: kasalar, da shagon Tsafe, da shekarun da Rabi ta sha magani alhali ciwon yana jikina. Na fito da takardun gwaji, domin duk na adana su. Baffa ya juya su a hannu ya miƙo mini, ya ce boko ne, kuma ma'aikacin gwamnati ba ya rasa inda zai samo takarda in yana son ya rufa wa iyalinsa asiri. Asabe ta ƙara da nata.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Son da kaka yi mata bai kai ka ɗauki laihinta ba. Wanga magani na mata na, ko yaro ya sani. Wane namiji ka shan shi?"

A nan na gane cewa duk abin da na iya a rayuwa, wato takarda da hatimi da sa hannu, ba shi da amfani a wannan ɗaki. Na karɓi kwalin daga hannunta, na ɓalle ƙwaya ɗaya, na raba ta biyu da farce kamar yadda na saba, na ce a ba ni ruwa. Ba wanda ya motsa. Na tashi na ɗebo da moɗa a randar Inna, na dawo na durƙusa a inda nake, na yi bismilla na haɗiye. Baffa ya yi salati a hankali. Sun san namiji yana iya yin ƙarya don matarsa, yana iya rantsuwa ma, amma a wurinsu ba namijin da zai haɗiyi maganin mata a gaban uwarsa sai in ya saba haɗiyarsa. Yadda hannuna ya raba ƙwayar ba tare da neman wuƙa ba, shi ne shaidar da takardu suka kasa bayarwa. Inna ba ta juyo ba. Ta yi magana, da bango kamar kullum.

"Asabe, tashi ki hura wuta. Ruwan ɗiyar mutane ya huce."

Da kanta ta yi wa Rabi wanka a wannan yammaci, da kanta ta dama kunu, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara bari a taɓa Rabi a gabanta ba. Ni kuwa abin da na biya shi ne Inna kanta. Daga wannan rana Inna ba ta sake zama a ɗaki ɗaya da ni ba. In na zo gaisuwa sai ta sauke asabari ta amsa daga ciki, ta sa mini albarka daga ciki, in ajiye abin da na kawo a bakin ƙofa. Ba fushi ba ne, na sani. Kunyar da ke tsakaninmu ce na ɗora wa kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ban sake ganin fuskarta sosai ba sai ranar da ta rasu aka kira ni in yi mata addu'a kafin a rufe ta. Ban yi nadama ba, amma ina so ku san farashin.

Ga inda zaluncin yake. Kafin mu tashi, Baffa ya yanke cewa maganar ta mutu a ɗakin, kada ta fita, domin mutuncin namijin gidan mutuncin gidan ne gaba ɗaya. Na ce ban yarda ba. Na ce an ɓata ta a tsakar gida a gaban matan unguwa, ba daidai ba ne a wanke ta a ɗaki a gaban mutum uku. Baffa ya ce in bar wa manya, lokaci zai goge. Na je wurin Rabi ina huci, na ce zan faɗa da bakina a ƙofar masallaci. Tana kwance, kai Husaini kana kan ƙirjinta, ta riƙe bakin rigata.

"Baban Hafsatu, don Allah ka bari. Ni in an zage ni kwana biyu za a manta. Kai in ta fita, da wane ido za ka shiga ofis? Inna ta sani, kai ka sani, Allah ya sani. Ya ishe ni."

Ta sa na yi mata alkawarin ba zan ɗaga maganar ba muddin tana raye, na kuma cika. Amma a wannan karon ita da Baffa duk ba su yi daidai ba. Lokaci bai goge komai ba. Shekara ashirin da ɗoriya tana shiga gidajen biki a Bungudu ana yin shiru in ta shigo. Kuma a watan da ya wuce, da dangin yarinyar da Husaini yake nema suka aiko daga Mada a bincika asalinmu, kamar yadda kowane gidan kirki yake yi, wata tsohuwa ta ba su labarin yadda ta ji shi a wancan yini. Waliyyin yarinyar ya aiko cikin ladabi cewa a ɗan dakata. Husaini ya zo ya zauna a gabana ya kasa ɗaga kai, ya tambaye ni ko gaskiya ne mahaifiyarsa ce ta jawo mutuwar ɗan'uwansa. Yaron da ta ƙi barci a kansa yana cikin auduga, shi aka sa ya yi wannan tambaya a kanta.

Saboda haka, ni da na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba tare da tilas ba, ina gabatar da buƙata kamar haka. Ga hukumomin da aka ɗora wa alhakin kula da shagunan magani a wannan jiha, ina roƙon a binciki yadda ake yi wa maza allurar ƙarfi ba gwaji ba bayani, domin mai shagon Tsafe ya tashi tuni amma irinsa ba su tashi ba, kuma a gidaje da yawa yau akwai matar da take shan rubutu a kan ciwon da aka soka wa mijinta. Kwalaben da takardun gwajina suna nan, zan miƙa su ga duk wanda aka naɗa.

Ga ƙanwata Asabe, wadda ban da ni ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka zauna a ɗakin, da kuma babban ɗan Baffa da yake riƙe da gidanmu yanzu, ina sanar da ku cewa na sauke hukuncin Baffa daga kaina, mutuncin da aka ce ana karewa kuma nawa ne, na yafe shi. Ina neman a tara matan unguwa a tsakar gidan nan da aka ɗaga kwalin, da rana, a gayyaci dangin yarinyar daga Mada, Asabe ta faɗi da bakinta abin da ta gani a ɗakin Inna, ta kira sunan Rabi'atu, ta ce maganin na yayanta ne. In wata a cikinsu ta ce namiji ba ya shan wannan ƙwaya, a aiko mini. Zan zo da kwalina, a tanadar mini moɗar ruwa.